Masu zanen taurari da fensir: ya kuke yi da ƙurar hunturu?

Daga Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum. Na samu ƙaramar na'urar hangen taurari mai madubi, ina son fara zana abin da nake gani. Damuwata hazo ne a nan Maradi. Gajimaren Orion, wato M42, wani hayaƙi mai haske a cikin rukunin taurarin Orion, da daddare ake ganinsa daga Disamba zuwa Maris, daidai lokacin da ƙura ta rufe mu. Wanda ya gwada ya taimaka.

Daga Tibiri: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka jira hunturu ya wuce. Maradi tana wajen digiri 13 da rabi a arewacin tsakiyar duniya, shi ya sa Orion ke hawa har kusan digiri 70. Ƙurar ta fi kauri ƙasa-ƙasa, to ka bari ya hau sosai tukuna. Ni nakan kifa kofi a farar takarda in zana da'ira, in fara ɗiga taurari masu haske, musamman huɗun nan da ke cunkushe a tsakiyar gajimaren. Daga nan sai in goga bakin fensir a wata takarda, in dangwala yatsa, in shafa hayaƙin a hankali. Duk inda ya fi haske a sama, nan ne ya fi baƙi a takarda. Kuma kada ka sa ran jan launi irin na hotunan intanet. Toka-toka za ka gani, don ido ba ya rarrabe launi a ƙaramin haske. Abin da idonka ya ba ka shi za ka zana, ban da wanda ka haddace a hoto.

Daga Zariya: Malam ya yi gaskiya. Ni da tabaron hangen nesa nake yi a tsakar gida bayan yara sun kwanta. Kaza da 'Ya'yanta tana bi kusan ta tsakiyar kanmu, hazo bai cika dame ta ba. Ido tsirara shida ko bakwai yake gani, da tabaro kuwa gomomi ne. Ni fitilun maƙwabta sun fi ƙura cutar da ni, ranar da aka ɗauke wuta ita ce sallata. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, leƙa waya sau ɗaya ya rushe komai. Na ɗaure jar leda a bakin cocila, da ita nake duba takarda.

Daga Madarunfa: Yara, in hazo ya yi yawa ku koma ga wata, shi ƙura ba ta hana shi. Amma ban da daren sha huɗu, lokacin babu inuwa, komai fari fat. Ku bi iyakar da ke tsakanin haske da duhu. Daren 9 ko 10 ga wata, hasken rana ke fara sauka a kan Kofanikus, wani rami a fuskar wata mai faɗin kilomita 93. Bangonsa hawa-hawa yake, kamar gaɓar Gulbi in ruwa ya janye, ga tsaunuka a tsakiya. Sai dai ku yi sauri: ku fara da gefen inuwa, ku cike ta da gawayi, don kafin awa guda ta sauya. Galileyo, masanin taurari na ƙasar Italiya, ma da hannu ya zana wata a 1609, da na'urar da ba ta kai taku ba. Ku rubuta kwanan wata da lokaci a gefe. Don gane yamma, ku saki na'urar ta tsaya cak, inda abin ya sulale ya fice nan ne yamma.

Daga Sabon Gari: Baba, ayi haƙuri, me ya hana mu kanga waya mu ɗauki hoto kawai?

Daga Madarunfa: Ɗana, ɗauki abinka, ga wata zai yi. Amma mai hoto daƙiƙa biyar yake kallo, mai zane rabin awa, kuma a rabin awar nan ƙananan ramuka ke fitowa ɗaya bayan ɗaya duk sa'ad da iska ta lafa. A 1845 da zane Lord Rosse na ƙasar Ailan ya nuna cewa M51, wani babban tarin taurari mai nisa, a murɗe yake.

Daga Tasawa: Ni dunƙulen taurarin nan mai suna Omega Sentori ne ya ba ni wuya. Cikin Afrilu da Mayu yake fitowa ta kudu, bai wuce digiri 29 ba, ga ƙura ga zafin bazara na kaɗa iska. Dunƙulen haske kawai na samu. Andiromeda kuwa, babban tarin taurarin nan mai nisa, ku jira kaka, Oktoba, ruwa ya wanke sama. Ku kalli gefenta kaɗan, ba tsakiya ba, gefen ido ya fi kama raunanan haske. Sannan ɗan'uwa na Ali Ɗan Sofo, ka rufe bakin na'urar da zarar ka gama. In ƙura ta hau madubi kada ka goge da tsumma, za ta karce shi. Busa ta da ɗan famfon roba.