Furosesa na hannu mai araha: in saya ko in bari?

Assalamu alaikum 'yan uwa masana kwamfuta. Ina da shagon buga takardu a Gusau, kuma kwamfutar da nake aiki da ita ta yi nauyi ƙwarai. Furosesanta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Intel Core i3-2100 ne a kan madabod H61, wato babban allon da ake haɗa sassan kwamfuta a kansa.

Wani mai gyara ya yi mini tayin Core i5-3470 na hannu a kusan rabin kuɗinsa. Soket ɗinsu, wato gurbin da ake saka furosesa a madabod, ɗaya ne, LGA1155, kuma shi i5 ɗin yana da kwa (core, sashen da ke yin aiki a cikin furosesa) huɗu, nawa biyu kawai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne daga wata kwamfuta ya ciro shi, wadda ta mutu lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi. Ya rantse madabod ce kaɗai ta ƙone, amma ya ce in na biya babu mayarwa. Wannan sharaɗin bai kwanta mini ba ko kaɗan.

Shin idan furosesan ya lalace, zai iya ƙona tawa madabod ɗin? Ita ce abincina, kuma lokacin rajistar ɗalibai ya matso. Na kuma san wasu H61 ba sa karɓar irin wannan furosesa sai an sabunta BIOS, wato manhajar madabod da ke tayar da kwamfuta, to in na saka ya ƙi tashi, ta yaya zan gane shi ne matacce ko BIOS ne?

In ya tashi kuma, wane gwaji zan yi masa a gaban mutumin, musamman na zafi, kafin kuɗi su bar hannuna? Don Allah wanda ya taɓa irin wannan ciniki ya taimaka mini.