Bayan Sallah Wa Zai Dawo? Musayar Waƙa Kan Marayu

Malama Mai Alli, Kano:

Assalamu alaikum, masu alƙalami. Azumi ya wuce, Sallah ta wuce. Ga 'yan baitoci kan yaran da ƙungiyar unguwarmu ke kula da su. Wanda ya ji an taɓa shi ya amsa, amma da waƙa.

Da sunan Allah na fara,
Mai ba bawa ya kuma ƙara,
Salati ga Manzo na jera,
Shi ma ya tashi yana maraya.

A watan azumi mun ga taro,
Shinkafa, sukari da gero,
Kowa na shafa kan yaro,
Ana ɗaukar hoto ana dariya.

Sallah ta zo, an yi ɗinki,
An yanka kaji, an yi biki,
Shawwal ya kama, leƙa ɗaki,
Ba mai sallama ko mutum ɗaya.

Cikin yaro bai san wata ba,
Bai san Rajab ko Safar ba,
Yunwa ba ta karanta kalanda ba,
Kullum da safe tana kan hanya.

Ni ran Asabar nake zuwa,
Karatu da lissafi nake koyarwa,
Wata 'yar yarinya na tambayawa:
"Anti, ina Baban nan mai kaya?"

Kyautarku ta yi, kuma ta dace,
Sai dai ga inda nake zance,
Wata goma sha ɗaya suna kwance,
Wa zai riƙe su da gaskiya?

Alhaji na Kwari:

Malama, sannu da alli, na ji habaicinki,
Ni ne mai shaddar, ni na biya kuɗin ɗinki.

Asabar da kike faɗa ita ce ranar ciniki,
In na kulle shago a Kwari, wa zai ciyar da ɗalibanki?

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kar ki yi mamaki,
Wani na ba da jiki, wani na turawa ta banki.

Hoton da kike zargi, ai shi ma ya yi aiki,
Maƙwabcina da ya gani ya aiko da buhu har ɗaki.

Allah ya ce in kun bayyana sadaka, madalla da aiki,
Baƙara, aya ta 271, tana nan a Ƙur'aninki.

Malam Gardi, Zariya:

Alhaji, ka ja aya ka tsaya rabi,
Ƙarasa mana, ban da zaɓi,
Gaba kaɗan ga abin da za a bi:
Ɓoyewa ta fi in ka ba matalauta.

Koma baya kaɗan cikin sura,
Ta 264 ta yi ishara,
Gori da cutarwa na jawo asara,
Su shafe ladan duk wata kyauta.

Yaron nan wata rana zai girma,
Ya je neman aure Daura ko Dutsin-Ma,
Hotonsa da kwano na Facebook, kuma
Surukai su gani, shi za a kunyata.

Manzo ya ɗaga yatsu biyu ya nuna,
Manuni da na tsakiya, ku tuna,
Shi da mai riƙon maraya haka suke a Aljanna,
Bukhari ya ruwaito, kowa ya karanta.

Riƙo kuwa aikin kullum ne,
Zazzaɓin tsakar dare naka ne,
Sabulu da takalmi naka ne,
Har da tsawa in ya gudu daga makaranta.

Amma Malama, ki yi masa adalci,
Alli ba ya zama abinci,
Da mai ba da jiki da mai kasuwanci,
Tukunya ɗaya suke hura wa wuta.

Direban Kaduna:

Gafara dai malamai, ga direba daga Kaduna,
Ni shakka ce ta hana ni buɗe aljihuna.

Wasu sun zo tasha da rasit da hotuna,
Suka ce marayu, muka tara, har da kuɗin kokona.

Ba a jima ba na ga shugabansu da idona,
A sabuwar mota, ya wuce bai ko dubi wajena.

Marayun da aka ambata, ba gida, ba unguwa, ba suna,
Lambar wayar ma ta mutu, na kira har na gaji don kaina.

Tun ran nan sai in ba almajirin ƙofar gidana,
Hannu da hannu, in ga ya ci, in kama gabana.

Ke Malama, wa ke riƙe da asusunku? Ki nuna,
In akwai littafi, a buɗe shi a tsakar rana.

Goggo Ma'aji, Kano:

Ba ni da hannu a waƙa kamar ku, jikata ce ke buga min a waya. Amma tunda an taɓo asusu, dole in yi magana.

Ɗana direba, na ji tambaya,
Ba ta ɓata min rai ba ko ɗaya,
Wanda aka cuta dole ya ja baya,
Ni ce ma'aji, zo in cire maka shakka.

Asusun na ƙungiya ne, ba nawa ba,
Mutum uku ke sa hannu, biyu ba su isa ba,
In ɗaya ya ƙi, kobo bai fita ba,
Ga rajistar hukumar CAC mai yi wa ƙungiyoyi rajista, karanta da idonka.

Juma'ar ƙarshen kowane wata,
Shiga da fita sai an karanta,
Har kuɗin ashanar hura wuta,
Tabarma na nan, zo da kunnenka.

Ɗauko Nisa'i, aya ta goma,
Mai cin na maraya, mace ko namiji ma,
Wuta yake ci, ko da ya ga nama,
Da furfurata zan jarraba haka?

Kaɗan ne ke kwana gidan marayu,
Mafi yawa na gun uwa, nan suka rayu,
Uba ne ya rasu, ya bar huɗu ko biyu,
Ita muke ba jari ta riƙe su duka.

Keken ɗinki ko injin markaɗe,
Ko kaskon ƙosai, sana'a ta buɗe,
Yaro da uwa da dangi a haɗe,
Ba ginin da zai ba shi haka.

Almajirin ƙofarka, ci gaba da ba shi,
Amma ka taɓa tambayar sunan garinshi?
Wa ke duba ƙazuwar da ke jikinshi?
In ya kwanta ciwo, wa zai ɗauka?

Ɗan Yerwa, Maiduguri:

Daga Yerwa nake miƙa gaisuwa ga mawaƙa dukkansu,
Mu nan tun 2009 muke binne iyaye muna ƙirga 'ya'yansu.

In ana lissafin masu riƙon maraya, Zannah Mustapha na cikinsu,
Lauya ne, a 2007 ya buɗe makaranta dominsu.

Future Prowess sunanta, yara 36 ne farkonsu,
Ba a karɓar kobo, ga abinci, ga magani, ga tufafinsu.

Da rikici ya ɓarke, ga 'ya'yan sojoji an kashe ubansu,
Ga na 'yan Boko Haram, su ma an bar su da uwayensu.

Ya zaunar da su benci ɗaya, allo ɗaya a gabansu,
Bai tambayi laifin iyaye ba kafin ya rubuta sunansu.

Zawarawan ma bai kore su ba, ya kama musu sana'ar hannunsu,
Yardar nan ce ta sa ya shiga tsakani kan 'yan matan Chibok da sakinsu.

An saki 21 a 2016, 82 a 2017, aka mai da su ga iyayensu,
A 2017 aka ba shi Nansen, lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya, saboda yaran nan da karatunsu.

Alhaji, Yayana, ga tawa tambayar, ba ta hoto ba ce ko buhunansu:
In an kawo ɗan wanda ya ƙone kasuwa, za ka sa shi cikin waɗanda kake ciyar da su?

Alhaji na Kwari:

Ɗan Yerwa, ƙanena, tambayarka ta sa ni tunani,
Mu ma Kano, 20 ga Janairun 2012, ran Juma'a, mun ga jini.

In an kawo ɗan wanda ya dasa bam a zaunar da shi kusa da ni,
Zuciya ba za ta ba ni ba a yau, Allah ya sani.

Amma kuɗin makarantarsa zan tura, ba na neman bayani,
Naira ba ta da ƙullaci, ba ta bambance ɗan wane da ɗan wani.

Malama, kin ga inda banki ya fi alli amfani?
Ke ki dubi idonsa ki koyar, ki bar nauyin aljihu gare ni.

Inna ta Maraɗi:

Gaisuwa ga Barno, gaisuwa ga Kano,
Daga Maraɗi na miƙo nawa kwano,
Akwai wani yaro, ku zo mu gano,
Uwa da uba na raye, ga shi da tamowa.

A 2004 fari ya zo da fara,
Gero bai yi ba, rumbu sai kara,
2005 muka ga asarar yara,
Likitocin agaji na MSF suka kafa tantuna, uwaye na ta zuwa.

Nan muka san Plumpy'Nut, ƙullin gyaɗa,
Da madara da sukari da mai aka haɗa,
Ba dafawa, ba damawa, yaga ki ba ɗa,
A gida ake ba shi, a cinyar uwa.

Ni 'yar sa-kai ce, ba ni da albashi,
Tef ɗin awo kullum ina tare da shi,
In naɗa a damtsen yaro in duba shi,
Kore lafiya, ja kuwa sai likita da gaggawa.

Santimita 11 da rabi ne iyaka,
Ƙasa da haka, goya shi ki ɗauka,
Kar ki tsaya jiƙo a gidan boka,
Ba maye ba ne, ba iska ba, ita ce yunwa.

Masu bayarwa, ku tuna da damina,
Tsohon hatsi ya ƙare, sabo na gona,
Sauro ya kawo zazzaɓi ya zauna,
Sannan ne gadajen likita ke cikowa.

Roƙona ba na jikka ba ne ko dala,
In kun ga ƙullin nan a tire ana talla,
Na wani yaro ne da ke cikin wahala,
Kar ku saya, sai ya rasa kasuwa.

Malama Mai Alli:

Baba Alhaji, na yarda da rabo,
Ba na neman ƙarin ko kobo,
Na azumin nan da ya jawo yabo,
Kasa shi goma sha biyu, kowane wata ɗaya.

Akwai samarinmu, sun gama sakandare,
Suna zaune bakin titi har dare,
Ɗauki biyu a shago ku zauna tare,
Su koyi awon yadi da riƙon dukiya.

Inna ta Maraɗi, ki turo bayani,
Yadda ake awon nan in sani,
Akwai ƙanana biyu da nake gani,
Gashinsu ya yi ja, ba su da lafiya.

Inna ta Maraɗi:

'Yata Malama, kar ki jira saƙona,
Gobe da safe kai su a auna,
Danna bayan ƙafa, in rami ya zauna,
Kumburi ne, ba a jinkirtawa.

Alhaji na Kwari:

Malama, kin fi dillalan Kwari iya tayi, na sara miki,
Turo biyun ran Litinin, amma ga sharaɗina gare ki:

Ba latsa waya, ba zaman benci, ƙarfe 8 a fara aiki,
Wanda ya yi shekara 3 da amana, zan yaye shi da jarin ciniki.

Kason wata-wata kuwa, Goggo ta turo lambar banki,
Hoto, Malam Gardi, buhu za a ɗauka, a bar fuskar yaro a ɗaki.

Direban Kaduna:

Goggo, Juma'ar ƙarshen wata ina tafe daga Kaduna,
Da biro da tabarau, zan bi littafin layi-layi da yatsana.

In lissafi ya fita, dakon hatsi kyauta ya zama aikina,
Daga Dawanau har ƙofar zawarawa, man ma daga aljihuna.

In bai fita ba, zan dawo nan da waƙa mai kama suna.

Goggo Ma'aji:

Zo, ɗana, bayan La'asar ake farawa,
Littafi uku ne, sai ka gama dubawa,
Kuɗin maraya ba ya shayar da kowa,
In kana son shayi, taho da sukarinka.