Me ya haɗa attajiran China mazauna waje da ƙauyukan kakanninsu?

Bakatsine77:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wa ya san tarihin 'yan kasuwar China ɗin nan da suka yi arziki a Indunusiya da Singafo da Tailan? Na ji wai wanda ya kafa kamfanin da ke yin Indomie ɗin nan da muke ci asalinsa ɗan ƙauye ne daga China, wai kuma yawancinsu yanki ɗaya suka fito kuma har jikoki suna komawa. Meye haɗin ƙauye da kasuwancin nasu?

Malamin_Tarihi:
Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Eh gaskiya ne, Liem Sioe Liong sunansa, an haife shi 1916 a Fuqing cikin lardin Fujian, ya bi yayansa zuwa Indunusiya ya fara da man gyaɗa da kanumfari kafin ya kai ga fulawa da banki da taliya. Yawancinsu daga larduna biyu ne na bakin teku a kudu, Fujian da Guangdong, ƙasar duwatsu ce ga mutane da yawa ga gona ba ta isa, sai a shiga jirgin ruwa.

To shi ƙauyen shi ne jarin ai. Yaro ya sauka Singafo ba ko sisi, sai ya nemi ƙungiyar danginsa masu suna ɗaya da yare ɗaya, su ba shi masauki su kai shi shagon kawu, in ya nuna riƙon amana a ba shi kaya bashi ba takarda ba shaida, don in ya ci kuɗin mutane labari sai ya isa gida uwarsa ta kasa fita. Kusan irin tsarin maigida da zango ne na fataken goro a hanyar Gwanja.

Wanda ni dai ya fi taɓa min zuciya shi ne Tan Kah Kee ɗan ƙauyen Jimei da ke Fujian, ya je Singafo 1890 yana ɗan shekara 16 a shagon shinkafar babansa, ya yi kuɗi da roba da abarbar gwangwani, ya dawo ya buɗe firamare a ƙauyen 1913 sannan Jami'ar Xiamen 1921, kuma ko da kasuwa ta fara karyewa bai janye hannu daga makarantun ba har kamfaninsa ya rufe 1934. A Jimei ɗin aka binne shi.

Maman_Hanif:
Malam ka manta matan da aka bari a gida. Mutum zai yi aure ya tafi shekara da shekaru sai dai wasiƙa haɗe da kuɗi, qiaopi suke ce mata, da ita ake ci ake biyan makaranta, har UNESCO ta sa su cikin kundin tarihin duniya 2013. A Kaiping da ke lardin Guangdong kuma kuɗin masu aiki a Amurka da Kanada ne ya gina dogayen benaye masu kama da ganuwa saboda 'yan fashi da ambaliya, kusan 1,800 suna tsaye har yanzu, da yawa ba kowa ciki. Wallahi in na tuna matan nan tausayi ke kama ni.

Dan_Kwari:
Ni fa kar a ɗauka amana kaɗai ta kai su. Dubbai sun ƙare a leburanci ramin kuza da gonar roba ba wanda ya san sunansu. Shi Liem ɗin ma kusancinsa da Suharto, shugaban Indunusiya na lokacin, ya buɗe masa ƙofofi, shi ya sa a tarzomar Jakarta ta 1998 aka ƙone gidansa ya koma Singafo, can ya rasu 2012. Amma batun komawa gida kam akwai riba a ciki, iyalan da suka kafa babban kamfanin CP na Tailan da suka fara da shagon iri a Bankok 1921 asalinsu 'yan Shantou ne a Guangdong, da China ta buɗe ƙofa ga masu zuba jari na waje su ne kamfanin waje na farko da ya yi rajista a Shenzhen.

Bakatsine77:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. To Malam su kuma waɗanda suka kafa masaƙar UNTL a Kaduna 1964, iyalan Cha ɗin nan da suka zo ta Hong Kong, su ma 'yan Fujian ne?

Malamin_Tarihi:
A'a, Cha Chi Ming da ya kafa ta ɗan Haining ne a lardin Zhejiang kusa da Shanghai. Su da sana'ar rini da saƙa da injinansu suka fito, hanyarsu daban da ta masu bin kawu shago.