Neman Shawara Kan Azumi a Cikin Gida

Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Ina zaune a Gusau da maigidana da 'ya'yanmu, kuma abin da ya sha mini kai shi ne azumi yakan zo ya wuce kowa yana nasa daban.

Maigida daga kasuwa sai wajen tafsiri, daga tarawihi sai barci. Ni da babbar 'yata kuwa, tun bayan la'asar muna madafa, ana jiƙa tsamiyar kunu, ana markaɗen waken ƙosai, har a kira magariba ba mu buɗe Alƙur'ani ba, ga shi kuma ana cewa lokacin buɗa-baki lokacin karɓar addu'a ne. Samarin suna kwana a waya, da rana su yi ta barci, ƙananan kuma ba su san komai ba sai tashe da kayan sallah.

Na gwada tara su karatu bayan asuba, amma gyangyaɗi ya watsa zaman. Wane lokaci ya fi dacewa? Kuma ta yaya zan shawo kan maigida ya rage yawan girkin da yake buƙata, musamman a goman ƙarshe, ba tare da ya ɗauka raini ne ba?