Wai ina amfanin EFCC ne jama'a?

Ɗan Gusau:
Salam 'yan uwa. Don Allah ina aka kwana kan biliyan 70 ɗin nan da hukumar yaƙi da cin hanci EFCC ta ce tana binciken Matawalle, gwamnan Zamfara na lokacin, a kai tun Mayun 2023? Shi ya musanta, har ya zargi Bawa, shugaban EFCC na lokacin, da neman cin hancin dala miliyan 2, Bawa ma ya musanta, can sai Tinubu ya dakatar da Bawa, shi kuma Matawalle aka ba shi minista, shiru kake ji. To meye amfaninta?

Baban Khairat:
Malam tana da amfani mana. Tsofaffin gwamnoni Dariye na Filato da Nyame na Taraba ai ita ta kai su kotu aka ɗaure su a 2018. Matsalar sashe na 308 na kundin tsarin mulki ne, gwamna in yana kan kujera ba a gurfanar da shi sai ya sauka, lauyoyi kuma su yi ta jan shari'a.

Na Ƙaura:
Baban Khairat ka manta a 2022 anka yi musu afuwa? Mu nan ƙauyenmu firamare ba rufi, yara a ƙasa suke zama, in hadari ya taso malam ya tashe su, kuma an ce an ba da kwangilar gyara. Wa anka kama?

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗana duk lalacewarta gara tana nan, ko ba komi suna ɗan jin tsoro. Ni dai a cire hannun shugaban ƙasa wajen naɗa shugabanta.

Na Ƙaura:
Hajiya wa zai cire, su da kansu? Hmm.