Gwamnati na neman kayar da ni a WAEC, don Allah a taimaka

Ɗan Bolari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan SS3 ne a nan Gombe, kuma aikin lauya nake so in karanta in Allah ya yarda, to matsalata darasin Gwamnati. Tun muna SS2 aka yi wa malaminmu canjin wurin aiki ba a kawo wani ba sai wani ɗan bautar ƙasa da ya yi wata huɗu ya tafi, yanzu ga WAEC ta matso ni kuma wallahi tsare-tsaren mulkin nan na zamanin Turawa sun cakuɗe min a kai, Clifford ne Richards ne Macpherson ne, in na haddace shekarar wannan yau gobe sai in ga na ɗora wa wancan. A jarrabawar gwaji D7 na samu. Abin haushin ma, in ana musun siyasa a teburin mai shayi ba mai kada ni, amma a takarda sai in yi ta cizon biro. Wanda ya rubuta ya ci ya faɗa min ta ina zan kama.

'Yar Jekadafari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Nima haka na yi fama, yanzu kuma kimiyyar siyasa nake karantawa a jami'a, ka ga ikon Allah. Ka daina haddar shekara tsirararta kamar lambar waya. Kowane tsari ya zo ne saboda ƙorafin da aka yi a kan wanda ya gabace shi, in ka riƙe ƙorafin shekarar za ta biyo ka da kanta.

Na Clifford 1922 shi ya fara kawo zaɓe, amma kujera huɗu kacal, uku Legas ɗaya Kalaba, mu Arewa ma ba ma cikin majalisar, gwamna ne ke yanke mana doka. Sai Richards 1946 ya haɗa Arewa da Kudu a majalisa ɗaya ya kasa ƙasar shiyya uku, Arewa Gabas Yamma, 'yan kishin ƙasa suka ce ai ba a tambaye mu ba aka ƙaƙaba mana. Shi ya sa Macpherson kafin ya fito da nasa a 1951 sai da aka bi ana jin ra'ayi tun daga ƙauye har aka yi babban taro a Ibadan 1950. To me ya kashe shi? A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba da mulkin kai 1956, Sardauna ya ce a'a sai dai lokacin da ya dace, aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, abin ya kai ga rikicin Kano a watan Mayun shekarar. Nan Turawa suka gane mutanen nan sai an sakar wa kowace shiyya mara, sai ga Lyttleton 1954 da tsarin tarayya. Ka ga labari ne guda ɗaya ba huɗu ba. Ka zaunar da ƙaninka ka ba shi kamar tatsuniya, inda ka kakare nan ne ba ka iya ba.

Malamin Aji, Bauchi:
Allah ya yi miki albarka, kin rage min aiki. Ɗana ni inda zan ja kunnenka shi ne maganar mai shayin nan. A can ra'ayi ake yi da ɗaga murya, a takarda kuwa ba ruwan mai dubawa da jam'iyyar da kake so. Na sha ganin yaro an ce ya kawo ayyukan majalisar dokoki sai ya cika shafi da zagin sanatoci, ya fito yana murna ya yi rubutu da yawa. Sifiri kenan.

In an ce ka yi bayanin abu biyar, kawo biyar ɗin, kowanne da sakin layinsa, ka faɗi batun sannan ka bi shi da jimla ɗaya ko biyu na bayani, in da misali ka saka. Jerowa kawai ba bayani makinta kaɗan ne, nan yaranmu suka fi zubar da maki, sun san abin amma Turancin fitar da shi ya gagara. Don haka kullum ka rubuta amsa ɗaya cikakkiya da Turanci ka ba wani ya duba maka.

Sannan kuna da gata ba ku sani ba. Tambayar mulkin gargajiya da mulkin Turawa ta hannun sarakuna ai a ƙofar gidanku take. Mai unguwa na ƙarƙashin dagaci, dagaci na ƙarƙashin hakimi, hakimi na ƙarƙashin sarki, ga waziri ga alƙali ga ma'aji. Lugard ya tarar da wannan tsaf tun daga Daular Sakkwato, da haraji da kotu da komai, masarautar Bauchi ta Yakubu, ta Gombe ta Buba Yero, shi ya sa abin ya yi masa sauƙi a Arewa. A ƙasar Ibo da babu irin wannan sarautar sai suka naɗa na takarda, ƙarshenta boren matan Aba na 1929. In ka shigo Bauchi ka leƙa kabarin Tafawa Ɓalewa ma, wanda ya tsaya a wurin ba ya manta juyin mulkin Janairun 1966.

Na Pantami:
Hhhh Malam ya taɓo ni, ni ne mai zagin sanatocin nan a shekarar farko, sai da na sake zama. Abokina duk abin da suka faɗa gaskiya ne amma kar ka raina bangaren zaɓi-ɗaya, tambaya 50 ce a awa ɗaya kuma suna maimaituwa sosai, ka nemi tsofaffin tambayoyi na shekara goma a kasuwa ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana duba agogo. Ƙirƙirar jihohi kuma ni da gidanmu na riƙe ta, kakana Jihar Arewa ya sani, a 1967 Gowon ya yi 12 muka koma Arewa maso Gabas hedikwata Maiduguri, 1976 Murtala ya mai da su 19 muka zama 'yan Bauchi, 1996 Abacha ya cika 36 aka ba mu Gombe, gida ɗaya bai motsa ba amma jiha huɗu. Kuma tunda lauya kake so kar Gwamnati ta cinye maka lokaci ka bar Litireca, ita ma sai da kiredit.

Ɗan Bolari:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya na gwada ba wa ƙanena labarin da daddare, na kai har Macpherson lafiya lau sai na kakare a 1953, zan sake. Malam in na rubuta amsar bambancin tsarin 1963 da na 1979 zan iya kawowa ka duba min? Na san dai ɗaya firaminista ne ɗaya shugaban ƙasa mai cikakken iko, sauran huɗun ne ban samo ba tukuna.