Neman kalma: me za mu kira "camping" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Na samu wata kalma, ina so ku taya ni auna ta kafin in riƙe ta. Abin da Turawa ke kira "camping" nake nufi: mutum da gidansa da katifarsa, lafiyarsa ƙalau, ya kwashi iyali ya tafi daji ya kafa tanti ya kwana biyu a ƙasa, kuma ya biya kuɗi a kan haka.

Ga mafarin zancen. A watan Yuni na kai maiɗakina da yara Bennett Spring, wani gandu na gwamnatin jihar Misuri a nan Amurka, kusa da garin Lebanon. Tun 1924 wurin yake hannun jiha. Wata maɓuɓɓuga ce ke fitar da ruwa wajen galan miliyan 100 kullum, garai-garai, sanyi ƙarara rani da damina, ya gangara ya faɗa kogin Niangua. Wanda ya taɓa wanka a Wikki ta Yankari ya ƙaddara irinta ce, sai dai Wikki ɗumi gare ta, wannan kuwa minti biyu ƙafarka ta daina jin kanta. Saboda sanyin nan ake kiwon kifin da suke kira "trout" a wurin. Akwai gidan ƙyanƙyasa a cikin gandun, kowane dare ma'aikata na zuba kifi a rafin, da sassafe a busa jiniya, sai ka ga ɗaruruwan mutane tsaye cikin ruwa da wandon roba har ƙirji sun wurga fatsa lokaci guda. Argungu ta faɗo mini a rai, amma Argungu marar kiɗa, kowa ya yi tsit kamar ana jarrabawa.

Da muka dawo na kira Hajiyarmu a gida. Ta ce, "Kwana biyu ban ji ku ba." Na ce, "Wallahi Hajiya, a daji muka kwana ni da yara." Salatin da ta saka sai da maiɗakina ta jiyo daga kicin. "A daji? Su wa suka tare ku?"

Nan na gane "kwanan daji" ta mutu tun ba a haife ta ba. A halin da Arewa ke ciki, wanda ya kwana a daji ba da son ransa ya kwana ba, kuma babu uwar da za ta ji wannan kalma ta kawo nishaɗi a ranta. Ko kafin wannan masifa ma, kwanan daji na maharba ne da makiyaya, aiki ne.

Na gwada sauran. Mayar da kalmar Turancin zuwa bakinmu ba ta yiwuwa: "kamfin" ta yi kusa da kamfen na 'yan siyasa, ta yi kusa da kamfani, kuma, ku gafarce ni, ta fi kusa da kamfai. Wa zai ce wa surukarsa "mun je kamfin da yara"? "Sansani" daidai take a ƙamus, amma ku saurari inda muke sa ta: sansanin yaƙi, sansanin 'yan gudun hijira, sansanin masu bautar ƙasa. Duk wuraren da aka kai mutum ne, ba ya kai kansa ba. "Yawon shaƙatawa" da "yawon buɗe ido" kuma ba kwana a cikinsu, wanda ya sauka a otal mai na'urar sanyaya ɗaki ma shaƙatawa ya je. Ruga ta Fulani ce da shanunsu, mu bar musu abarsu.

Wadda ta fi kwanta mini ita ce zango. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, in rana ta yi sanyi madugu ya ce a yada zango: a sauke kaya daga jakuna, kusa da ruwa, a hura wuta, a yi tuwo, a kwana, gari ya waye a ɗaure kaya. Ku cire jakunan ku sa mota, abin da muka yi ke nan tsaf. Kalmar ma matafiyiya ce da kanta, ita ta zama Zongo a Kumasi da Sabon Zongo a Akra, ga Zangon Daura da Zangon Kataf a gida. Tana da fi'ilinta a shirye, yada zango, ba sai mun ƙera sabo ba.

Illarta ɗaya. Bafatake yana yada zango ne don gobe ya wuce gaba. Mu ba inda za mu, zangon shi ne tafiyar. Dole a ƙara masa wata kalma da za ta nuna haka.

Hajiya ce ta ba ni ita, ba da niyya ba. Bayan na kwantar mata da hankali, na yi bayanin tanti da gasa kifi da yadda yaran suka ƙi barci suna ƙirga taurari, sai ta yi shiru, ta ce, "Au, wato don marmari kuka je kuka kwanta a ƙasa? Allah ya shirye ku."

Zangon marmari. Marmari shi ne son abin da ba dole ba, kamar wanda ya ƙoshi da shinkafa ya ce yau dambu yake so. Kalmar ta ɗauko har da 'yar dariyar da Bahaushe zai yi in ya ji labarin, kuma ni ina ganin dariyar nan ma'ana ce, bai kamata a wanke ta ba. Ku ji ta a jimla: "Mun je zangon marmari." "Bana a ina za ku yada zangon marmarinku?" "Kayan zango suna but ɗin mota." Harshe bai sarƙe ba.

Na san abin da malaman makaranta za su ce, wai zango ya riga ya zama na karatu, zangon farko, zango na biyu. Gaskiya ne, amma ba wanda ya taɓa rikita zangon karatu da Zangon Kataf. Wani abokina ya kawo "zangon shan iska". Ba laifi, sai dai shan iska na yamma ne, a dawo kafin magariba.

Gandun kansa bai ba ni wahala ba: gandun shaƙatawa na jiha, ya wadatar.

Kifin ne ya gagare ni, kuma nan nake neman masunta. Ɗana ya ce, "Abba, ai tarwaɗa ce, ji sunan." Kunne ne ya yaudare shi. Tarwaɗa ta taɓo ce da ruwan ɗumi, ga gashin baki, ba ɓawo. Wannan kuwa jikinsa ɗigo-ɗigo ne da jan zane a gefe, in ruwa ya yi ɗumi mutuwa yake. Ba ɗan asalin Misuri ba ne ma, daga kogunan yammacin nahiyar aka kawo shi. Ana kamunsa a gandun daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Oktoba, sai ka yanki tikitin ranar, kuma huɗu kacal aka yarda ka tafi da su. Rafin ma an raba shi uku: a sama sai da ƙudan ƙarya na zare da gashin tsuntsu, can ƙasa ne aka yarda a soka tana a ƙugiya, nan muka tsaya mu 'yan koyo. Biyu muka kama, duka 'yata ce.

Na so in ce "kifin sanyi", maiɗakina ta ce duk matar da ta ji haka na firji za ta ɗauka. "Kifin bakan gizo" ya dace da irin da muka kama, amma yana da 'yan'uwa marasa jan zanen. Wataƙila a bar shi "tarawut" kawai, yadda muka bar sardin.

Mutanen Yawuri da Argungu da bakin tafkin Cadi, ku da kuka raba karfasa da ƙawara da giwan ruwa, in aka miƙo muku wannan kifi a hannu, me za ku kira shi?